Gadar da Mai Tikiti Ya Gani ta Taga

Mijin yayata ya yi aikin jirgin ƙasa tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, kuma duk wanda ya zauna da shi na tsawon shan shayi zai tashi da fahimtar cewa ba don shi ba da jirgin bai taɓa motsawa ba. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya, tunda shi ke sayar da tikiti. Ofishinsa wani ɗan akurki ne mai taga biyu: ta gaba inda fasinjoji ke miƙo hannu, da ta gefe wadda ke kallon bakin babbar gadar ƙarfen da jirgi ke shiga ya haye kogi. Da ya yi ritaya sai ya ba kansa ƙarin girman da hukuma ta manta ba ta ba shi ba, ya ce daga ranar a kira shi Injiniya. Muna kiransa haka a gabansa. A bayansa kuwa duk benenmu an san shi da Mai Tikiti.

Shi da Yaya suna hawan da ke samana daidai, saboda haka duk abin da ya zubo daga tunaninsa a kaina yake fara sauka.

Abin ya samo asali ne daga ɗaki. Autarsu ta sami aiki a wani gari ta kwashe kayanta, ɗakinta ya zama fayau. Yaya tela ce, ta daɗe tana ɗinki a lungun falo, keke a manne da firiji, masu kawo ɗinki suna gwada kaya a bayan labule suna buge gwiwar hannu da bango. Har ta auna inda za ta ajiye teburin yanka. Ana cikin haka sai ga kwali daga babban ɗansu: ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, kai da 'yan taragu, da guntayen dogo da ake harhaɗawa. Ya ce ya aiko ne don Baba ya rage zaman banza. Bai yi tunanin akwai abin da ya fi zaman banza ɓarna ba.

Injiniya ya tsaya a tsakiyar ɗakin, kan jirgin a hammata, ya ce, “A nan zan gina gadar.”

“Wace gada?” in ji Yaya.

“Gada nawa gare mu? Gadata.”

“Maigida, gadarka tana can inda ka bar ta. Ɗazu ma na ji jirgi ya bi ta kanta.”

“Irinta sak, amma ƙarama. Ƙusa ba za ta ɓace ba. Duk wanda ya shigo ya gan ta sai ya laluba aljihu ya nemi tikitinsa.”

Yaya ba mace ce mai hayaniya ba. Tun muna yara in ta yi shiru muke fara neman hanyar gudu. Ta leƙo ta matakala ta kira ni in hau in zama shaida, sannan ta gindaya sharaɗi. Ta ba shi zuwa ƙarshen watan gobe. In jirgin ya tashi daga wannan gaɓar ya haye gadar ya isa waccan a gaban mutane, ɗaki ya zama nasa har abada, ita ta ci gaba da zama da firiji. In bai haye ba, ya miƙo makulli.

“Da ƙafarsa,” ta ƙara. “Ba ɗauka, ba turi, ba hura masa iska.”

“Ticha, ka ji ko?” ya ce da ni. Haka yake kirana saboda ina koyarwa a sakandare, kuma yana faɗin kalmar kamar sunan wata cuta mara tsanani. “Ka riƙe mana wannan. Yayarka ta yi sallama da ɗaki da bakinta.”

Na ce na riƙe. Sannan, don kada a ce ban yi komai ba, na ba da shawara mu je bakin gadar da tef ɗin awo, ko a ɗauko hotonta ta gefe.

“Awo?” Ya dube ni da tausayi. “Awo na wanda bai sani ba ne. Kai kana auna hancinka kafin ka face? Gadar nan kullum da ita nake karyawa, da ita nake tashi daga aiki. Tana nan.” Ya ƙwanƙwasa goshinsa. Ya yi ƙara sosai.

Washegari ya ari allin ɗinkin Yaya ya zana ta a bango. In faɗi gaskiya, zanen ya yi kyau. Gadar irin mai kama da dogon keji ce, ƙarafuna a gefe da sama sun sassaƙa juna, jirgi yana bi ta ciki, kuma babu ƙarfen da ya manta. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Bakinta na wajen tasha yana da faɗi da tsawo, amma tana tafiya tana ramewa, har ɗaya bakin ya koma kamar ƙofar ɗakin kaji.

Na ce, “Injiniya, kamar can ƙarshen ya ɗan yi rashin lafiya.”

“Haka take.”

“Haka take, ko haka ake ganinta?”

“Ka ji irin tambayarku ta 'yan boko. Abin da ake gani da abin da yake, a ina suka raba hanya?”

Na fara yi masa bayanin yadda titi ma in ka hango shi daga nesa sai ka ga ya tsuke, alhali in ka isa wurin motoci na wuce juna. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce titi daban gada daban. Wannan hikimar magina ce: ana matse ƙarshen gada ne da gangan don jirgi ya natsu kafin ya sauka. Ya ce ba kowa aka gaya wa ba. Na daɗe ina koyarwa, na san fuskar ɗalibin da ya gama ganewa tun kafin a fara darasi, saboda haka na sha shayina.

Aka kira Kafinta, wanda shagonsa ke ƙasan benen, ya zo ya haɗa wani makeken teburi da ya cinye ɗakin, da gaɓa biyu da kwari a tsakani. Da aka nuna masa zanen don ya yanka katakon da dogo zai kwanta a kai, ya daɗe yana susar ƙeya da fensir.

“Ranka ya daɗe, gada ce ko mazurari?”

“Kai aikinka zarto. Yanka.”

“Ai zan yanka. Ina so ne in san sunan abin, ko wani ya tambaye ni.”

Guntayen dogon da suka zo a kwali ne kawai suka ƙi bin tsari, faɗinsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Injiniya ya so ya gyara su da guduma, ɗaya ya karye, sai ya ce ya yafe wa kamfanin, tunda da gani ba su taɓa zuwa tasha ba. Aka shimfiɗa dogon a tsakiya, ya wuce ta ƙaramin bakin da ƙyar. Babu wanda ya ga ya dace ya tuna masa cewa jirgi ya fi dogonsa faɗi. Yaya ta leƙo, ta dubi bakin, ta dubi jirgin, ta koma falo tana 'yar waƙa.

Sai maganar ƙarfe. Yana bukatar siraran ƙarafuna baƙaƙe masu yawa, kuma ya gano cewa Allah ya tara su a cikin lema. Lokacin ba a ruwa, sai ya bi benen ƙofa-ƙofa yana cewa a kawo lema ya duba lafiyarta kyauta kafin damina. Mutane suna son kyauta. Bayan 'yan kwanaki ya mayar wa kowa da ƙyallen lemarsa a ninke tsaf, ya ce sauran yana wurin bincike.

Ya lanƙwasa ƙarafunan ya ɗaɗɗaure da zaren ɗinkin Yaya, musamman wajen ƙarshe inda sai da ya danne su da gwiwa kafin su yarda su matsu. Ginshiƙan da ke riƙe gadar a cikin kogi ya yi su da sandunan lemomin. Na ƙarshe ne ya gagara, don ya fi sauran ɗaukar nauyi, sai ya ɗauko lemar Nas, maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu. Lema ce mai tsada, irin wadda ake danna maɓalli ta buɗe da kanta. Bai fasa ta ba. Ya bar ta a naɗe, ya shafe ta da fenti ruwan toka, ya kafa ta kai a ƙasa, mariƙin da maɓallin suna tokare da cikin gadar.

Nas ta tare shi a matakala. “Baba Injiniya, kowa an ba shi ƙyalle, ni ko ƙyallen ban gani ba.”

“'Yata, taki ta sami babban muƙami.”

“A ina?”

“Za ki gani ranar buɗewa. Ki zo da wuri, za ki yi alfahari.”

Da gada ta tsaya sai aka shiga batun kogi. Na ce a shafa shuɗin fenti a kwarin, kamar yadda masu hankali suke yi. Ya ce shi ba ya gina ƙarya. Aka shimfiɗa leda mai kauri, aka zuba ruwan famfo, ya tsaya ya dube shi ya ce wannan ruwan bai san wahala ba, ya yi fari da yawa. Ya tura wani mai tasi bakin kogi da jarkoki ya ɗebo na ainihi, da yashinsa da ciyayinsa. Shi bai je ba. Ya ce Injiniya ba ya raka jarka. Na lura dai cewa gidansa da kasuwarsa da asibitinsa duk a wannan ƙetaren suke, kuma ban taɓa jin ya ba da labarin wani abu da ya faru a wancan ba.

Ruwan ainihi ya zo da jama'arsa. Cikin 'yan kwanaki talibambam suka cika kogin, sauro kuma ya buɗe reshe a hawa na sama. Nas ta sake tare shi.

“Baba, a wurin aiki ina jinyar masu zazzaɓi, in dawo gida in tarar ana noma shi?”

“An yi lissafin komai,” ya ce. “Waɗancan 'yan baƙaƙen za su zama kwaɗi, kwaɗi su cinye sauro.”

“Su kuma kwaɗin wa zai cinye su?”

“Wannan mataki na biyu ne.”

Ni kuma wata taswira ta fara fitowa a silin ɗin ɗakin karatuna, daidai kan kantar littattafai. Da farko ƙaramar ƙasa ce. Kafin mako ya zagayo ta mamaye maƙwabtanta ta fara ɗiga. Na hau sama na ce, “Injiniya, kogin naka ya buɗe hanya ta wajena.”

“Kogi mai rai dole ya yi tsatsa. Ka gode, gidan bakin ruwa ba kowa ke samu ba.”

“To a ba ni lemata in kafa wa littattafai.”

Ya ja ni gaban gadar ya nuna mini wani wuri a tsakiya. “Ga ta nan. Ita ke riƙe da sama. In na zare ta yanzu, me za ka gaya wa tarihi?”

Na sauko na kafa roba.

A hawa na ƙarshe akwai wani dattijo, Tsohon Direba, wanda ya tuƙa jirgin gaske har ya gaji. Tsakaninsa da Injiniya akwai irin zumuncin nan na mutanen da suka yi aiki wuri ɗaya kowa yana ganin shi ya ɗauki ɗan'uwansa. Injiniya yakan ce tuƙin jirgi ba aiki ba ne, abu yana kan dogo, ko akuya aka ɗora za ta kai shi. Direba yakan ce gaskiya ne, amma akuyar ma ta ƙi aikin tikiti. Ya sauko ya ga gada, ya zagaya teburin a hankali, ya durƙusa ya leƙa ta babban bakin, ya leƙa ta ƙaramin.

“Ka gwada?” ya tambaya.

“Gwaji na mai shakka ne. Kuma ba a hawa gada kafin a buɗe ta. Ka yi aiki a hukumar nan ko haya ka yi?”

“Haka ne,” in ji Direba. “A ajiye mini kujerar gaba.”

Saura 'yan kwanaki, Injiniya ya sa Kafinta ya fasa ƙofar ɗakin ya fitar da 'yar taga mai kanta, don a nan za a ba da tikiti. Na zaci a nan Yaya za ta fashe. Ta zo ta shafa kantar, ta gwada miƙa hannu ta ciki, ta ce wa Kafinta ya ɗan ƙara goge gefen don kada ya riƙa kama yadi.

Ranar buɗewa ta faɗo da yammacin wata Asabar. Duk benen ya hallara, har da waɗanda ba a gayyata ba, don labarin sharaɗin ya riga ya zagaya. Injiniya ya sa tsohuwar rigar aikinsa, wadda maɓallanta suka daina gaisawa da ramukansu, da hula da usur a wuya. Ya zauna a bayan tagar da tikitocin da ya yanka daga kwalin sabulu. A nan kam, in ba shi haƙƙinsa, na ga gwani. Hannu ɗaya yana miƙawa, ɗaya yana hudawa, baki yana “Layi, layi, ba na son turereniya,” ko kallon fuska ba ya yi. Mutanen da suka zo dariya suka tsinci kansu a layi suna gyara tsayuwa.

Yaya ta zo shiga ya tare ta. “Tikiti.”

“Ba ni na shiga kawai,” ta ce. “Ba na bukatar na fita.”

Aka cika ɗakin, wasu a kan kujeru, wasu a jikin bango. A wannan gaɓar ya gina tasha da kwali, kuma ofishin tikiti ya ninka tashar kanta girma, da wani ɗan mutum-mutumi mai hula a taga. Ya yi jawabi mai tsawo a kan gudummawar da ya ba harkar sufuri. Talibambam sun riga sun cika alkawari, saboda haka duk inda ya tsaya shan numfashi sai wani kwaɗo ya amsa masa daga ƙarƙashin gada.

Ya busa usur, ya ɗaga koren ƙyalle, ya murɗa maɓallin lantarki.

Jirgin ya tashi. Kuma ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. 'Yar fitilarsa tana haske, taragun suna bin juna suna ƙyas-ƙyas, ya zagaya tasha, ya wuce ofishin tikiti, ya shiga babban bakin gadar kamar mai gidan. Inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Wata mata ta yi guɗa. Na saci kallon Yaya, na ga tana duba bango inda za ta kafa madubi.

Ya wuce tsakiya, ya wuce ƙarƙashin lemata. Sai aka fara jin wani ƙiii, kamar ana kankare tukunya. Ya rage gudu. Ya ƙara ragewa. Ya cusa kai tsakanin ƙarafuna ya tsaya cak, ƙafafunsa suna ta juyawa a wuri ɗaya.

Ɗakin ya yi tsit, in ban da kwaɗon.

“Natsuwa yake yi,” in ji Injiniya. “Na gaya muku. Haka na gaske yake yi.”

“Ni dai ban taɓa natsuwa a nan ba,” in ji Direba.

“Kai ai gaggawa gare ka, kowa ya sani.”

Aka jira. Jirgin ya ci gaba da natsuwa.

“Danshin kogi ne ya kumbura shi,” ya ce. “A ba ni mai.”

“Ba turi,” in ji Yaya.

“Mai ba turi ba ne. Ticha, mai turi ne?”

Na ce a iya karatuna ba turi ba ne. Yaya da kanta ta je ta ɗauko man keken ɗinkinta ta miƙa masa, ta ce ya zuba son ransa. Ya tsiyaye kwalbar a kan jirgin, ya koma ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Jirgin ya yi gurnani. Wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga cikinsa.

“Kun gani? Har hayaƙi, kamar na gaske!”

“Ranka ya daɗe, na lantarki ne fa,” in ji Kafinta, yana matsawa kusa da soket.

Jirgin bai iya shiga gadar ba, sai ya yanke shawarar tafiya da ita. Gaba ɗayanta ta fara ja gaba a hankali. Zaren ɗinki ya soma tsinkewa, tas, tas, ƙarafunan da aka danne da gwiwa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana komawa siffar da Allah ya ba shi. Wani ya fizge hular Injiniya. Sannan katakon gadar ya zame ya hau kan maɓallin ginshiƙin ƙarshe.

Lemar Nas ta buɗe.

Ban san ko kun taɓa ganin lema ta buɗe kai a ƙasa a cikin kogi ba. Tana ɗebo abin da ta samu ta raba wa jama'a. Sahun gaba suka sami ruwa, na tsakiya suka sami yashi da ciyayi, kwaɗi kuma suka zaɓi wanda suke so. Gadar ta yi sama, taragun suka zube a kogi, kan jirgin ya tashi shi kaɗai yana jan wutsiyar hayaƙi. Kafinta ya fizge wayar daga soket. Tsinin lemar ya keta ledar ƙasa, kogin ya sami hanyar da ya daɗe yana nema, ya bi ƙafafun mutane ya fita ta ƙofa, sauran ya gangara wajen littattafaina.

“Lemata!” in ji Nas, daga kan kujera, tana yarfe kwaɗo daga ɗankwali. “Wannan ne muƙamin?”

Sai Injiniya ya daka tsalle yana nuni. “Ya haye! Jama'a ku shaida, ya haye!”

Muka duba. Kan jirgin yana kwance a ɗaya gaɓar, a rigingine, ƙafafu a sama kamar kyankyason da aka fesa wa magani.

“Da ƙafarsa muka ce,” in ji Yaya, “ba da fiffike ba.”

“Ticha ne shaida. Ticha, yana wancan ƙetaren ko ba ya can?”

Na ce yana can, amma ƙafafunsa ba su san ya je ba. Na yanke hukuncin ne da adalcin mutumin da ake yi wa ruwan sama a ɗakin karatu.

Ya ce bai yarda ba. Laifin kamfanin jirgin ne da suka yi shi ba bisa ƙa'ida ba, ita gadar daidai take da ta gaske. Direba, wanda ke matse gemunsa, ya ce, “Abokina, tsakaninka da Allah, ka taɓa bi ta cikinta?”

“Wace irin tambaya ce wannan? Ni da na tura mutanen da ba su ƙirguwa ta cikinta?”

“Su ka tura. Kai fa?”

“Bai taɓa ba,” in ji Yaya. “Ko ranar da aka ba su tikitin kyauta na iyali, ni da yara muka je. Shi ya tsaya a taga yana ɗaga mana hannu. Ba ya son ƙarfe a kan ruwa.”

Dariyar da aka yi ba ta da amfani a maimaita ta. Ya tsinci hularsa daga laka, ya kafa ta, ya ce ya ɗaukaka ƙara. A je tasha gobe da safe, kowa ya gani da idonsa. In gadar ba ta tsuke a ƙarshe ba, zai miƙa makulli. Yaya ta ce ta yarda, da sharaɗin a je har ƙarshen a gani.

Da safe muka tafi mu huɗu: shi da Yaya da Direba da ni. Ya ja mu kai tsaye gefen tsohon ofishinsa, ya tsayar da mu ƙarƙashin tagar. “To, ku duba. Ticha, sa tabarau.”

Muka duba. Ga ta nan kamar yadda ya zana: baki wangame a gabanmu, tana tafiya tana ramewa, can ƙarshe ɗan rami.

“Lallai,” in ji Direba. “To mu shiga mu ga inda za mu maƙale.”

Ya yi ƙoƙarin cewa shaidar ido ta wadatar, amma Yaya ta riga ta karɓo tikiti. Muka zauna. Da jirgi ya doshi gada ya riƙe hannun kujera da hannu ɗaya, ya riƙe nawa da ɗayan, ya runtse ido, ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani har da ta cin abinci. Ƙarafuna suna wucewa ta taga, fiu, fiu.

“Mun maƙale?” ya tambaya.

“Tukuna,” in ji Direba.

“Yanzu fa?”

“Muna dai natsuwa.”

Bai buɗe ido ba sai da jirgin ya tsaya a ƙaramar tashar da ke ƙetare. Muka sauka, muka juya shi ya fuskanci gadar. Ga baki wangame a gabanmu, jirgi da rabi zai shige. Tana tafiya tana ramewa, can ƙarshe, wajen ofishinsa, ɗan rami.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula, ya mayar. Na ɗauka lokacin ya zo da ɗalibi zai ce Ticha, ashe haka ne.

“An juya ta,” ya ce.

“Na'am?”

“An juya ta. Bayan na bar aiki. Ko sanarwa babu. Ka ga abin da nake faɗa game da hukumar nan?”

Yaya ta buɗe tafin hannu. Ya dubi hannun, ya dubi gadar, ya tuna cewa ta cikinta za a koma kuma tikitin komawar yana jakarta. Ya ciro makullin ya ajiye mata.

Da muka dawo, ido a rufe kamar yadda aka je, ya leƙa ta gefen ofishinsa ya ga ƙaramin ramin ya koma can ƙetare. Ya gyaɗa kai. “Sun ji na zo dubawa, sun mayar.”

Yanzu keken Yaya yana ɗakin, da teburin yanka, da madubi a daidai inda ta duba. Zanen gadar yana bango har yau, ta ce a bar shi, yana sa masu jira nishaɗi. Silin ɗina ya bushe, taswirar dai ta zauna. Da damina ta sauka duk benen muka riƙa fita da jaridu a ka, ban da Nas.

Shi kuwa Injiniya bai rasa wuri ba. Kullum da safe yana sa hula ya zauna a bayan 'yar tagar ƙofar, yana karɓar yadi yana miƙa guntun kwali, yana “Layi, layi,” ko da mutum ɗaya ne a layin. Kaya sun daina ɓata, Yaya ta ce ba ta taɓa samun ma'aikaci irinsa ba. Shekaranjiya ina wurin wani mutum ya miƙo wando ya ce yana so a tsuke masa ƙafar, sama da faɗi ƙasa a matse. Na ga idon Injiniya ya kawo haske. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce wa mutumin Allah ya kawo shi wurin da ya dace, wannan fanninsa ne, ya kai hannu zai ɗauki alli.

Keken bai ko tsaya ba.

“Maigida,” in ji Yaya daga ciki, “ba shi tikiti kawai.”